Daga Bakin Teku Zuwa Monte: Yinin da Jirginmu Ya Tsaya a Tsibirin Madeira

Wanda ya ziyarci tsibiri a cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ba shi ne mai iko da lokacinsa ba, domin jirgin ne yake yanka masa shi. Jirgin yakan shigo tasha da sassafe, ya saki fasinjojinsa su bazu cikin gari, sannan ya ɗaga kafin rana ta faɗi, kuma duk abin da mutum yake son gani dole ne ya shiga tsakanin waɗannan lokuta biyu. A haka ni da yayata muka ga Madeira, tsibirin ƙasar Fotugal da ke cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,000 kudu maso yamma da birnin Lisbon, wanda kuma ya fi kusa da gaɓar Maroko a kan gaɓar Turai. Tsawonsa kilomita 57 ne, faɗinsa 22, saboda haka mai duba taswira zai iya ɗauka cewa yini guda ya isa a kewaye shi. Amma tsibirin ƙwanƙolin tsauni ne da aman wuta ya tasar daga ƙasan teku, kuma ƙololuwarsa, Pico Ruivo, ta haura mita 1,800. A irin wannan wuri ba da kilomita ake auna nisa ba, da hawa da gangara ake auna shi.

Shirin ya fara tun daren da ya gabata, lokacin da ma'aikacin da ke kula da ɗakinmu ya ajiye mana takardar shirye-shiryen gobe. Abubuwa uku na kwafe daga cikinta: lokacin da ake sa ran jirgin zai ɗaure, lokacin da ya wajaba kowa ya dawo, wato ƙarfe 5:30 na yamma, rabin sa'a kafin tashi, da lambar wayar wakilin jirgin a tashar Funchal, babban birnin tsibirin, domin wakilin ne mutum zai nema idan ya makara ko wani abu ya same shi a gari. Takardar ta kuma jera tafiye-tafiyen da jirgin da kansa yake shiryawa a manyan motocin bas tare da ɗan jagora. Ƙa'idar da ke nan a fili take, kuma ya kamata kowa ya san ta kafin ya zaɓa: idan motar jirgi ta makara, jirgin yakan jira ta, amma wanda ya fita don kansa ya makara, to shi zai nemi hanyar da zai cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, kuma daga tsibiri wannan yana nufin tikitin jirgin sama.

Mun daɗe muna shawara a kan takardar. Akwai tafiya zuwa Cabo Girão, gangaren dutse mai tsayin mita 580 a kan teku, inda aka shimfiɗa dandalin gilashi da mutum yake tsayawa yana kallon gonaki a ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai ƙauyen masunta na Câmara de Lobos, inda Winston Churchill ya zauna ya yi zane a 1950. Akwai kuma hawa zuwa Pico do Arieiro mai tsayin mita 1,818, wanda mota take kaiwa har kansa. Kowanne ya ja hankalina, har na fara lissafin yadda za a haɗa biyu da tasi. Yayata, wadda gwiwarta ba ta son doguwar tafiya, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓa mana hanya ɗaya, mu bi ta a tsanake." Na ce, "To, Yaya, mu hau Monte mu sauko." Monte unguwa ce a kan tudu daidai saman birnin Funchal, kuma abin da ya sa na amince da ita shi ne cewa duk inda muka tsaya a wannan hanya, jirginmu yana gaban idonmu, ba mu kuma dogara da wata doguwar hanya da hatsari ko cunkoso zai iya toshewa ba.

Da asuba na fita saman jirgin. Birnin ya bayyana da fitilunsa jere bisa jere daga bakin ruwa har cikin gajimare, kuma wani ƙaramin kwalekwale mai inji ya matso gefenmu, matuƙin tasha ya kama tsanin igiya ya hau, domin shi ne ya san mashigar, shi zai tsaya kusa da kyaftin har a ɗaure. Bayan an jefa igiyoyi an ɗaure su a turakun ƙarfe, ba a buɗe ƙofa nan take ba, sai da jami'an tashar suka shiga suka duba takardun jirgin, sannan aka sanar ta lasifika cewa an ba da izinin sauka. Madeira tana cin gashin kanta a cikin Fotugal tun 1976, kuɗinta Yuro ne, kuma tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya take shiga dukansu, saboda haka bizar da muka shiga Turai da ita ta wadatar, babu wani sabon hatimi. A bakin ƙofa kowa ya miƙa katinsa na jirgi, wanda shi ne makullin ɗaki kuma shi ne shaidar fasinja, aka goga a na'ura, hoton mutum ya fito, aka rubuta shi cikin waɗanda suka fita. Mun ɗauki katin, da shaidar da ke ɗauke da hoto, da 'yan kuɗi a hannu, da ruwan sha, da rigar sanyi marar nauyi, wadda a bakin teku ta yi kamar ba ta da amfani amma a kan tudu muka gode da ita.

Daga inda manyan jirage suke ɗaurewa zuwa tsohon gari akwai tafiyar kusan rabin sa'a a ƙafa, kuma hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, tana bin bakin ruwa. Tana wucewa ta gaban gidan tarihin Cristiano Ronaldo, wanda aka haifa a wannan birni a 1985, inda matasan jirginmu suka yi cincirindo suna ɗaukar hoto da mutum-mutuminsa. Mu dai muka wuce. Abin da ya tsayar da ni a hanyar shi ne ƙoramun da suke ratsa birnin su faɗa teku, waɗanda aka gina musu manyan katangu hagu da dama, alhali ruwan da ke cikinsu a ranar bai kai idon sawu ba. Girman katangun yana da dalili. A ranar 20 ga Fabrairu 2010 ruwan sama mai yawa ya sauka a kan tsaunuka, waɗannan ƙoramu suka cika da laka da duwatsu suka afka cikin gari, mutum fiye da 40 suka rasu a tsibirin. Tarkacen da aka kwashe daga tituna an zube shi a bakin teku, daga baya aka mayar da wurin babban dandali mai lambu, kuma ta kansa muka bi a safiyar nan.

Motar igiya da ke hawa Monte, wato ɗakunan da suke tafiya a sama rataye a jikin igiyar ƙarfe, ba ta fara aiki sai ƙarfe 9, don haka muka shiga kasuwar manoma, Mercado dos Lavradores, wadda aka buɗe a 1940 kuma ba ta da nisa da tashar motar. Wannan tsari ya yi mana daidai, domin sashen kifi da safe yake cika. A ƙofar shiga mata masu sayar da furanni suna zaune cikin siket mai ratsin launuka, a tsakiya kuma ga ayaba ƙanana masu zaƙi, da gwanda, da mangwaro, da wasu 'ya'yan itatuwa da ban taɓa gani ba, waɗanda ake sayarwa da kilo, kuma yana da kyau mutum ya tambayi kuɗin kilon kafin a ɗora a sikeli. Amma sashen kifi da ke can baya, a ƙasan matakala, shi ne ya riƙe mu. A kan teburan dutse an shimfiɗa wani kifi baƙi wuluk, dogo fiye da mita guda, siriri, mai manyan idanu da haƙora kamar allurai, wanda mutanen wurin suke kira espada. Yana zaune ne a zurfin da ya kai mita 1,000, inda haske ba ya isa, kuma da dogayen igiyoyi masu ɗaruruwan ƙugiyoyi ake kamo shi. Na tsaya kusa da wani dattijo yana gyara guda: ya kafe kan da hannun hagu, ya kankare baƙar fatar har farin naman ya fito, sannan ya bi ƙashin baya da wuƙa a jan hannu ɗaya ya fitar da tsoka doguwa ba tare da ta yage ba. Bai ɗaga kai ya dubi masu ɗaukar hoto ba, domin akwai wata mata da kwandonta tana jiran kifinta.

Mun isa tashar motar igiya kafin motocin bas na jirgi su sauke mutanensu, don haka layin bai yi tsawo ba. Tikiti iri biyu ne, na zuwa kaɗai da na zuwa da dawowa, kuma mun sayi na zuwa kaɗai saboda mun yi niyyar saukowa ta wata hanya. An buɗe wannan layi a shekarar 2000, yana ɗaukar mutum daga bakin teku zuwa tsayin mita 560 a cikin kusan minti 15, a cikin 'yan ɗakunan gilashi da suke rataye a jikin igiyar ƙarfe. Ɗakunan ba sa tsayawa cak a tasha, suna dai rage gudu ne, sai ma'aikaci ya riƙe wa yayata hannu ta shiga.

A ganina wannan minti 15 shi ne mafi amfani a duk yinin, domin a cikinsa ne na fahimci yadda aka yi tsibirin ya zama wurin zama. Da farko muna bisa rufin gidaje masu jan tayil, muna leƙa tsakar gida da shanya da tukwanen furanni. Daga nan gidajen suka fara raguwa, sai ga gonaki a jikin gangare, kowace an tare ta da katangar baƙin dutse da aka jera da hannu, wata faɗinta bai fi taku biyar ba, an shuka ayaba a ta ƙasa, inabi da kayan lambu a ta sama. Babu hanyar da mota ko garma za ta shiga irin wannan gona, don haka duk dutsen da ke katangar da duk buhun da aka girbe a kafaɗar mutum ya hau ko ya sauka. A gefen gonakin kuma akwai siririyar magudana ta siminti da dutse tana bin jikin tsauni, ruwa yana tafiya a cikinta a hankali. Waɗannan magudanai, da ake kira levada, su ne jijiyar tsibirin. Iska mai ɗauke da ruwa daga arewa maso gabas take busowa, tsaunuka su tare ta, ruwan ya zuba a arewa, kudu inda rana da gonaki suke ya zauna da ƙishi. Tun ƙarni na 15 mutane suka fara sassaƙa hanyar ruwa a jikin duwatsu don su juyo da shi, wani wuri ma sai an zura ma'aikaci da igiya daga sama yana sara yana lilo, har tsawon magudanan gaba ɗaya ya haura kilomita 2,000. Har yau akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne buɗe wa kowane manomi ruwa a sa'o'in da aka yanka masa.

Ban iya kallon wannan aiki ba tare da tunanin waɗanda suka fara yin sa ba. Lokacin da João Gonçalves Zarco da Tristão Vaz Teixeira suka sauka a nan a 1419, babu kowa a tsibirin sai kurmi. Cikin 'yan shekaru aka share kurmin kudu aka shuka rake, Madeira ta zama babbar mai sayar wa Turai sukari, har yau ma tambarin birnin Funchal yana ɗauke da curin sukari guda biyar. Cikin waɗanda suka yi wahalar raken da haƙar magudanan farko akwai bayi da aka kamo daga tsibiran Kanari da Arewacin Afirka da gaɓar Afirka ta Yamma, kuma salon noman rake da bayi da aka gwada a nan shi ne daga baya aka kai Sao Tome da Brazil, inda ya girma har ya karya kasuwar Madeira kanta a ƙarni na 16. Baƙon da ya zo na yini ɗaya zai iya komawa bai ji wannan ba, kuma ina ganin rashi ne, domin kyan wurin da wannan tarihi a jikin katanga ɗaya suke.

A Monte iska ta yi sanyi, ƙamshin danyen ganye ya cika wurin. Mun shiga lambun Monte Palace da ke daf da tashar, wanda aka buɗe wa jama'a a 1991, kuma shi ma a jikin gangare yake, wato duk takun da mutum ya yi zuwa ƙasa sai ya biya shi a dawowa. Saboda gwiwar yayata muka tsaya a sashen sama da na tsakiya, inda akwai itatuwa masu ganye kamar gashin tsuntsu da suka fi mutum tsayi nesa, da tafkuna masu jajayen kifaye, da allunan tayil da aka zana tarihin Fotugal a kansu, da wani ɗaki cike da sassaƙen dutse na masu fasahar Zimbabuwe. Akwai kuma ɓangaren da aka keɓe wa itatuwan asalin tsibirin, irin na kurmin Laurisilva da ya rage a arewa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 1999. Wanda ba zai samu zuwa kurmin ba, a nan zai ga ɗan samfurinsa.

Daga lambun muka taka zuwa cocin Monte mai hasumiya biyu, wanda yake kan doguwar matakala. Yayata ta zauna a ƙasa, ni na hau. A wani ɗaki na gefe akwai akwatin gawar Karl na Ɗaya, sarkin ƙarshe na daular Ostiriya da Hangari, wanda aka kawo tsibirin gudun hijira bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a nan Monte a 1922 yana da shekara 34. Daga ƙofar cocin ana ganin birnin gaba ɗaya da tashar jiragen ruwa, kuma a daidai lokacin gajimare ya fara taruwa a kan tsaunukan da ke bayanmu, kamar yadda yakan yi idan rana ta ɗaga. Wannan ma wani dalili ne na fara hawa da safe a bar cikin gari zuwa yamma.

A gindin matakalar cocin ake hawa kwandon zamiya, abin da Monte ta fi shahara da shi. Kujera ce ta saƙar kwando mai ɗaukar mutum biyu ko uku, an ɗora ta a kan katako biyu masu santsi, babu taya babu birki. Tun ƙarni na 19 mazauna tudun suke sauka gari da ita. Maza biyu ne suke tuƙa kowane kwando, sanye da fararen kaya da malafa, da takalma masu kaurin tafin roba waɗanda su ne birkin. Yayata ta dubi gangaren ta dube ni, ta ce, "Kai dai ka tabbata?" Na ce, "Yaya, dubi waɗanda suke saukowa daga ciki a hotunan can, har da tsofaffi." Ta yi bisimilla ta zauna. Matuƙan suka ja mu da igiya har kwandon ya ɗauki gudu, sannan suka koma baya, kowanne ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon yana tunkuɗa ƙasa da ɗayar. Kwaltar ta yi sumul tana ƙyalli saboda yawan gogayya, kuma a wurin kwana sai su karkata kwandon ya tafi a gicciye, ɗaya ya ja igiya ɗaya ya danna, har ya miƙe. Inda gudun ya ragu suka tsaya suka goga wa katakon wani tsumma mai maiƙo. Titin na kowa ne, motoci suna bin sa, kuma a mararraba akwai mai tsayar da su. Tafiyar kilomita 2 ce, ta ɗauki kusan minti 10, kuma duk tsawonta ban ji matuƙan sun yi wa juna magana fiye da kalma ɗaya ko biyu ba, domin kowanne ya san abin da ɗan'uwansa zai yi.

Abin da ya kamata mai niyyar hawa ya sani shi ne cewa kwandon ba ya kaiwa cikin gari. A unguwar Livramento yake tsayawa, inda ake loda kwandunan a babbar mota a mayar da su sama, kuma daga nan akwai sauran gangare mai tsanani kafin a kai bakin teku. Akwai tasi da bas a wurin, mu kuma muka ɗauki tasi bayan mun tabbatar da yadda za a lissafa kuɗin.

Mun ci abincin rana a tsohon gari, a titin Santa Maria, wanda masu zane suka ƙawata ƙofofin gidajensa. Na nemi espada ɗin da na gani da safe, aka kawo shi a soye da soyayyiyar ayaba a kai, naman fari ne mai laushi marar ƙarni, tare da bolo do caco, burodi mai faɗi kamar gurasa da ake gasawa a kan dutse a shafa masa bota da tafarnuwa. Da yake tsibirin ya yi suna da giyar inabi, kuma takan shiga miya da kayan zaƙi, mun tambayi mai kawo abincin kafin mu zaɓa, ya nuna mana waɗanda babu ita a ciki ba tare da wata damuwa ba. Bayan nan muka bi ta babban cocin birnin, ginin farkon ƙarni na 16 mai rufin katakon tsibirin da aka sassaƙa da salon da Fotugal da Sifaniya suka gada daga magina Musulmi na Andalus, muka kuma tsaya a wani shago inda yayata ta sayi ɗan ƙyalle mai surfanin hannu, sana'ar da matan Madeira suka shahara da ita.

Tun ƙarfe 4 muka kama hanyar tasha, domin na ƙudurta cewa sa'a ta ƙarshe ba ta yawo ba ce. A ƙofar tashar aka duba katinmu da shaidarmu, a bakin jirgi aka sake goga katin, jakunkuna suka bi ta na'urar bincike, waɗanda suka sayo kwalaben giya aka karɓa aka ajiye musu sai ƙarshen tafiya. Da lokacin dawowa ya cika, sai aka fara kiran sunayen wasu fasinjoji ta lasifika ana neman su tuntuɓi ofishin karɓar baƙi, alamar na'ura ba ta nuna sun shigo ba, kuma ba a jima ba muka hango mutum biyu suna gudu a kan dogon gini na tashar da ledoji a hannu, ma'aikata suna riƙe da gadar shiga suna jiran su. Suna shiga aka janye gadar, aka kwance igiyoyi, jirgin ya yi ƙaho ya ja da baya. Bayan mun fita daga mashigar, matuƙin tasha ya sauka cikin kwalekwalensa ya koma, mu kuma muka juya kudu zuwa tsibiran Kanari, inda za mu ɗaure washegari da safe.